Hoton Ƙwayar Dusar Ƙanƙara: Adon da Ba a Ganinsa Sai da Madubi

Idan dusar ƙanƙara ta zuba a hunturun ƙasashen sanyi, takan lulluɓe ƙasa da rufin gidaje da itatuwa, ko'ina ya yi fari fat. Amma idan aka tsamo ƙwaya ɗaya tak aka ɗora ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai a tarar da gini mai tsari: rassa shida sun fito daga cibiya, kowane reshe da ƙananan rassansa, ga layuka da tsagi da 'yan ramuka a jiki, duk a cikin abin da faɗinsa bai cika wuce milimita 2 zuwa 4 ba, wato kusan girman ƙwayar gero. Ita kanta ƙwayar ba fara ba ce, garau take, haske na ratsa ta. Farin da ake gani yana fitowa ne idan miliyoyinsu suka taru, fuskokinsu suna ta watsa hasken rana ta kowace kusurwa.

Wannan ado ba ya daɗewa. Numfashin mai kallo kaɗai ya isa ya narkar da shi, kuma ko a cikin tsananin sanyi, cikin 'yan mintoci kaifin rassan yakan dushe, domin ƙanƙarar tana komawa tururi a hankali ba tare da ta zama ruwa ba. Shi ya sa hoto ya zama hanyar da ta fi dacewa a adana siffarta a nuna wa wasu, kuma shi ya sa ɗaukar hoton ya zama sana'a mai zaman kanta, wadda masana kimiyya da masu son kyan halitta suka haɗu a kanta fiye da shekara 130.

Yadda take samuwa a cikin gajimare

Ƙanƙarar da kan faɗo da damina a lokacin hadari mai ƙarfi daban take da dusar ƙanƙara. Ita ƙanƙarar damina ɗigon ruwa ne da ya daskare, iska mai ƙarfi ta riƙe shi a cikin hadarin, wani ruwan yana ta daskarewa a kansa hawa-hawa har ya yi nauyi ya faɗo. Dusar ƙanƙara kuwa daga tururi take ginuwa kai tsaye.

A cikin gajimare mai sanyi akwai ɗigon ruwa ƙanana sosai da ke shawagi. Waɗannan ɗigon ba sa daskarewa da zarar sanyi ya kai sifili a ma'aunin Selshiyos. Tsarkakakken ɗigo yana iya zama ruwa har zuwa wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Abin da ke sa shi daskarewa da wuri shi ne ya sami 'yar ƙura da zai kama. Da zarar ɗigo ɗaya ya daskare, sai ya fara jan tururin da ke kewaye da shi, ɗigon da ke makwabtaka da shi kuma su riƙa ƙafewa suna ciyar da shi. An ƙiyasta cewa kafin babbar ƙwaya ɗaya ta kammala, sai ɗigo kusan 100,000 sun ƙafe, kuma ginin yakan ɗauki kamar rabin sa'a ko fiye, tana girma tana gangarowa ƙasa.

Dalilin kusurwa shida yana cikin halittar ruwan kansa. Ƙwayar asali ta ruwa, wadda masana ke kira molekul, ta ƙunshi zarra ɗaya ta iskar oksijin da biyu na haidurojin, kuma idan ruwa ya daskare, waɗannan ƙwayoyi suna sarƙafuwa da juna shida-shida a zobe. Wannan tsarin da ido ba ya gani shi ke bayyana a siffar waje. Ƙwayar takan fara ne a matsayin ɗan faifai mai kusurwa shida. Da yake kusurwoyin sun fi tsini, su suka fi saurin cin karo da tururi, sai su yi ta tsawo har su zama rassa. Rassan shida suna kama da juna ne saboda tare suke tafiya: duk canjin sanyi ko laima da ya sami ɗaya, a lokacin ya sami sauran biyar.

Irin waɗannan ƙwayoyi suna samuwa har a samaniyar ƙasashe masu zafi, sai dai can sama. Siraran gajimaren da ke nesa sosai na ƙanƙara ne zalla, kuma zoben hasken da wani lokaci kan kewaye wata ko rana, ƙwayoyin ƙanƙara masu kusurwa shida ne ke karya hasken da digiri 22 su haifar da shi. Haka nan ruwan sama mai yawa yana farawa ne a matsayin ƙanƙara a saman hadari, ya narke a hanya kafin ya iso ƙasa.

Masu kallo kafin zuwan kyamara

Tun wajen shekara ta 135 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani malamin ƙasar Sin mai suna Han Ying ya rubuta cewa dusar ƙanƙara tsini shida gare ta. A Turai sai a 1611 masanin taurari Johannes Kepler ya rubuta ɗan littafi a kan batun, ya ba wani majiɓincinsa a matsayin kyautar sabuwar shekara. Ya yi ta neman dalilin shidan, har ya gwada shi da tsarin saƙar zuma da yadda ake jera dunƙulallun abubuwa su matsu, amma ilimin zarra bai zo ba tukuna, don haka bai kai ga amsar ba. René Descartes na Faransa ya bayyana siffofi da dama a 1637, Robert Hooke na Ingila kuma ya zana abin da ya gani da madubinsa a littafin Micrographia na 1665. A Japan, wani basarake mai suna Doi Toshitsura ya fitar da zane 86 a 1832, waɗanda masu rini da saƙa suka ɗauka suka mai da su adon tufafi.

Dukansu matsala ɗaya suka fuskanta. Kafin mai zane ya gama reshe biyu, abin da yake zanawa ya canja ko ya ɓace, sai ya ƙarasa sauran da tunani.

Manomin Jericho

Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da wannan sana'a manomi ne, Wilson Bentley, wanda aka haifa ranar 9 ga Fabrairun 1865 a ƙauyen Jericho da ke jihar Vermont ta Amurka, wurin da dusar ƙanƙara ke zuba da yawa kowane hunturu. Yana ɗan shekara 15 mahaifiyarsa, wadda ta taɓa koyarwa, ta ba shi wani tsohon madubin ƙara girma. Ya zana ɗaruruwan ƙwayoyi da hannu, bai gamsu ba. Daga baya iyayensa suka saya masa kyamara mai zuga-zugi, irin wadda ake miƙewa a naɗe, ya haɗa ta da madubin. Bayan doguwar fama, ranar 15 ga Janairun 1885 ya samu hoto na farko da ya fito sosai, yana da shekara 19.

Yadda yake aikin ya nuna irin haƙurin da sana'ar ke bukata. A cikin wata rumfa marar wuta yake aiki, domin sanyin ciki ya zama daidai da na waje. Yakan fita da baƙin allo mai mariƙin waya, don kada ɗumin hannunsa ya kai ga allon, ya tari abin da ke zubowa. Idan ya hango mai kyau, sai ya taɓa tsakiyarta da tsinken tsintsiya ya ɗaga ta zuwa kan ɗan gilashi, ya kwantar da ita da gashin tsuntsu, duk yana riƙe da numfashinsa. Kyamarar tana fuskantar taga, hasken sararin sama yana ratsa ƙwayar ta baya, kuma da yake hasken kaɗan ne, yakan bar idon kyamarar a buɗe wani lokaci fiye da minti ɗaya. Bayan ya wanke hoton, sai ya yi kwafin farantin gilashin, ya sa wuƙa mai kaifi ya kankare duk abin da ke kewaye da ƙwayar, domin ta fito fara a kan baƙi. Wannan kankara kaɗai tana iya cin sa'o'i a kan hoto guda.

A haka ya tara hotuna fiye da 5,000 cikin hunturu 46, kowanne da bayanin yanayin ranar da aka ɗauke shi. Farfesa George Perkins na Jami'ar Vermont ya taimaka masa ya fitar da maƙalarsa ta farko a 1898, kuma a 1903 ya ba cibiyar Smithsonian hotuna 500 don a adana. Babban littafinsa, Snow Crystals, wanda ya yi tare da William Humphreys na hukumar kula da yanayi ta Amurka, ya fito a ƙarshen 1931 da hotuna fiye da 2,400. 'Yan makonni bayan haka, ranar 23 ga Disamba, ciwon namoniya ya yi ajalinsa a gonarsa.

Gardamar gyaran hoto

Aikin Bentley bai tsira daga suka ba. A Jamus, masanin yanayi Gustav Hellmann ya sa Richard Neuhauss ya ɗauki irin waɗannan hotuna, suka buga su a 1893, kuma abin da suka nuna ya sha bamban: ƙwayoyi masu karyayyun rassa, wani gefe ya fi wani tsawo, wasu da ƙuraje a jiki. Jamusawan suka zargi Bentley da gyara halitta. Shi kuma ya kare kansa da cewa abin da yake cirewa lahanin da ya sami ƙwayar ne bayan ta faɗo, da dattin gilashi.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Ƙwayoyi masu cikakken daidaito suna nan, amma 'yan kaɗan ne; mai hoto yakan duba dubbai kafin ya zaɓi ɗaya. Mafi yawan abin da ke zubowa gutsattsari ne da dunƙule-dunƙule marasa tsari. Wannan zaɓe ba laifi ba ne muddin mai kallo ya san an yi shi, kuma har yau masu mutunta sana'ar sukan faɗi abin da suka goge a hoto da abin da suka bari.

Nakaya da ma'anar siffofi

Wanda ya mai da hotunan ilimi mai ƙa'ida shi ne Ukichiro Nakaya, masanin fiziya a Jami'ar Hokkaido da ke arewacin Japan. Daga 1932 ya ɗauki hotuna kusan 3,000 a birnin Sapporo da kan tsaunin Tokachi, masu kyau da marasa kyau duka, ya kasa su gida-gida. Sannan ya yi niyyar ƙera ƙwayar a ɗakin gwaji mai sanyi. Ya gwada zare iri-iri don ta kama ta girma a kai, duk sai raɓa ta daskare a jikinsu, har ya dace da gashin zomo, wanda ke da 'yan ƙulle-ƙullen da ƙwaya ɗaya kan kama ta girma ita kaɗai. Ranar 12 ga Maris 1936 ya samar da ƙwayar dusar ƙanƙara ta farko da ɗan Adam ya ƙera.

Da yake yanzu shi ke juya sanyi da laima yadda ya so, sai ya gano cewa su biyun ne ke yanke siffa. A wajen digiri 2 ƙasa da sifili faifai ne ke fitowa. A wajen digiri 5 sai siffar ta juye zuwa allurai da ginshiƙai sirara. A wajen digiri 15 faifai ya dawo, kuma nan ne ake samun manyan taurari masu rassa da suka fi ƙayatarwa. Idan sanyi ya wuce digiri 25 zuwa 30, sai ginshiƙai da faifai masu kauri. Laima kuwa ita ke ƙara ado: iska mai ƙarancin tururi tana ba da siffa mai sauƙi, mai yawan tururi tana ba da rassa a kan rassa. Littafinsa a kan wannan ya fito daga Jami'ar Harvard a 1954.

Wannan ya sa hoton ƙwaya ya zama abin karantawa. Akwai wata siffa mai ginshiƙi a tsakiya da faifai a kowane ƙarshe. Duk wanda ya gan ta ya san ta fara girma ne inda sanyi yake wajen digiri 5 ko 6, sannan iska ta kai ta inda yake wajen digiri 15. Mai rassa 12 kuwa ƙwayoyi biyu ne suka manne tun suna ƙanana, ɗaya ta karkace da digiri 30. Wadda ta ratsa ta cikin ɗigon ruwa mai sanyi takan fito da ƙuraje, idan sun yi yawa su rufe siffar gaba ɗaya. A 1966 masana biyu a Japan, Magono da Lee, sun kasa siffofin gida 80, kuma wani rabon da aka fitar a 2013 ya kai su 121. Har yanzu masana suna binciken ainihin dalilin da ya sa canjin digiri kaɗan ke juya faifai ya koma allura.

Yadda ake ɗaukar hoton a yau

Sharaɗi na farko yanayi ne. An fi dacewa idan sanyi yana tsakanin digiri 10 da 15 ƙasa da sifili, iska a kwance, dusar tana saukowa a hankali. Kusa da sifili takan zo a jiƙe a dunƙule, iska mai ƙarfi kuma tana kakkarya rassa tun a sama. Sharaɗi na biyu shi ne duk abin da zai taɓa ƙwayar ya yi sanyi tukuna, don haka ake fitar da gilashi da ƙyalle da ɗan burushin ɗauka waje tun kafin a fara. Fitila mai zafi ba ta da amfani a nan. Ana amfani da fitilar LED ko walƙiyar kyamara mai saurin ɗaukewa. Sanyi yana shanye batir da wuri, kuma idan za a koma ɗaki, sai a ƙulle kyamarar cikin leda har ta ɗumama, don kada raɓa ta kwanta a cikinta.

Hanyoyin haskawa biyu ne. Ta farko ita ce a ɗora ƙwayar a kan gilashi a haska ta baya, kamar yadda Bentley ya yi. Kenneth Libbrecht, farfesan fiziya a jami'ar Caltech ta jihar Kalifoniya, ya inganta wannan hanya ta wajen aiko da haske mai launi daban-daban daga kusurwoyi daban-daban. Da yake ƙwayar tana karya haske, kowane tudu da kwari na jikinta sai ya ɗauki launinsa, zanen ciki ya fito fili. Hotunansa huɗu ne hukumar gidan waya ta Amurka ta sa a kan kan sarki a 2006.

Hanya ta biyu ita ce a tare ta a kan baƙin ƙyallen ulu a haska ta gaba. Amfanin ulu shi ne gashinsa yana ɗaga ƙwayar sama, yana taɓa ta a wuri ɗaya ko biyu kawai, ɗumi bai cika isa gare ta ba. Sai mai hoto ya yi ta karkata kyamara har ya sami kusurwar da fuskar ƙwayar ke maido da haske. A irin wannan hoto wani lokaci akan ga launuka ja da kore da shuɗi a cibiyarta, waɗanda ke fitowa daga siraran kumfar iska da ta maƙale tsakanin hawa biyu na ƙanƙara.

Babbar wahalar kusantar abu haka ita ce ɗan yanki kaɗan ne ke fitowa tangaran a kowane hoto, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, sauran duk dishi-dishi. Maganinta shi ne a ɗauki hotuna da yawa a jere, kowanne an ɗan matsa gaba, sannan a haɗa yankunan da suka fito a kwamfuta su zama hoto ɗaya. Don Komarechka, ɗan Kanada da ya yi suna da ɗaukar hotunansa a kan baƙar safar hannu, yakan haɗa hotuna wajen 40 don ƙwaya guda, kuma dole a gama ɗaukarsu kafin siffar ta fara dushewa.

Tsadar kaya ba ita ce ke yanke hukunci ba. Alexey Kljatov na birnin Mosko ya yi fice a duniya da ƙaramar kyamarar Canon, wadda ya ɗaura mata tsohon gilashin Helios na zamanin Tarayyar Sobiyet a juye, ya naɗe su da salatif a kan ɗan katako, yana aiki a barandar gidansa. A ɗaya gefen kuma, Nathan Myhrvold, tsohon babban jami'in fasaha na Microsoft, ya ƙera na'ura mai megafiksel 100 da faranti mai sanyaya kansa, ya kai ta Alaska da arewacin Kanada, ya fitar da hotunansa a 2020. Ko wayar hannu, idan aka maƙala mata ɗan gilashin ƙara girma, tana iya nuna rassa shidan a kan hannun baƙar riga.

Shin akwai biyu masu kama ɗaya?

Maganar cewa ba a samun ƙwaya biyu iri ɗaya ta yaɗu ne daga rubuce-rubucen Bentley, kuma ga manyan ƙwayoyi masu rassa, lissafi ya goyi bayanta. Ƙwaya ɗaya tana ɗauke da molekul na ruwa da adadinsu ya kai lamba 1 da sifili 18 a bayanta, kuma siffarta ta dogara ne ga hanyar da ta bi a cikin gajimare, wadda da wuya wata ta bi irinta sak. Ƙananan masu siffa mai sauƙi kuwa suna iya yin kama sosai. A 1988 Nancy Knight, mai bincike a cibiyar nazarin sararin sama ta ƙasa da ke jihar Colorado, ta sami ginshiƙai biyu a samfurin da jirgin sama ya ɗebo daga gajimare, waɗanda ba a iya bambanta su a ƙarƙashin madubi. Libbrecht ma ya raini tagwaye a ɗakin gwaji ta hanyar ajiye ƙwayoyi biyu kusa da juna a yanayi ɗaya.

Amfanin hotunan bayan ƙayatarwa

Siffar ƙwaya tana shafar saurin faɗowarta, da yawan ruwan da ke cikin dusar da ta taru, da yadda na'urar rada da tauraron ɗan Adam ke auna ta daga nesa, saboda haka masu hasashen yanayi suna bukatar sanin ainihin abin da ke zubowa. Don haka ne masana a Jami'ar Utah suka ƙera na'ura mai kyamara uku da ke ɗaukar hoton dusar tana cikin faɗowa, ba tare da an taɓa ta ba, kuma ɗimbin hotunan da ta tara sun tabbatar da cewa dunƙule-dunƙule da masu ƙuraje su ne suka fi yawa. Masu lura da zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunuka su ma suna duba siffar ƙwayoyin da ke kowane hawa da ɗan madubin hannu, domin wasu siffofin ba sa manne wa juna, kuma a kansu ne tulin da ke sama yake sulɓewa. Hotunan Bentley na asali kuwa suna ajiye a Smithsonian, da gidan tarihin kimiyya na birnin Buffalo, da kuma garinsu Jericho, inda aka ajiye kyamararsa da madubinsa don masu ziyara.